Kifin Ado da Ruwansa: Bahasi a kan Kiwo a Akwatin Gilashi

Duk wanda ya saba shiga manyan otal-otal na Kano ko Kaduna ko Abuja, ko ɗakunan jira na asibitocin kuɗi, ko falon waɗansu masu hali, ba zai rasa cin karo da wani akwati na gilashi ba, an girke shi a kusurwa, an cika shi da ruwa, an haska shi da fitila, ga ƙananan kifaye masu launi iri-iri suna kai da kawowa a cikinsa da wata irin natsuwa mai sa ɗan kallo ya manta da abin da ya kawo shi. Sha'awar wannan abu ba ta da wuyar kama zuciya, hanyar biyanta kuwa a buɗe take, gama mai shago a shirye yake ya haɗa wa mutum akwati da tsakuwa da kifi dozin guda a cikin leda, duk a yini ɗaya, ya karɓi kuɗinsa, ya yi masa fatan alheri. Abin da ke biyo baya ne ba a faye ba da labarinsa ba. Kwanakin farko gida ya cika da murna, yara ba su ƙaunar matsawa daga gaban gilashi. Kafin mako ya zagayo ruwa ya yi hazo-hazo, kifaye sun taru a sama suna wage baki. Kafin wata ya cika an tsame galibinsu matattu. Sa'an nan a shiga neman wanda za a ɗora wa alhaki, wani ya ce mai shago ne ya sayar masa da marasa lafiya, wani ya ce kambun baka ne, wani kuma ya ce ai dama kifin ado ba ya daɗewa a duniya, haka aka halicce shi.

Wannan zance na ƙarshe shi ya fi sauran nisa da gaskiya. Kifin zinariya, wanda mutanen Sin suka fitar daga wani kifin fadama mai launin ƙasa, suka kuma riƙa kiwonsa a tafkunan fada da na gidajen ibada tun zamanin daular Song, watau tsakanin shekarar 960 da 1279, idan ya sami kulawa yakan yi shekara goma zuwa ashirin, akwai ma ɗaya mai suna Tish a arewacin Ingila wanda aka samo shi a matsayin kyautar wasan kasuwa a 1956, bai mutu ba sai a 1999, yana da shekara 43. Dabbar da ke iya ganin haihuwar ɗa har ta ga aurensa, in ta mutu a mako na biyu, ba a ce ajalinta gajere ne ba, sai dai a bincika sababi. Binciken kuwa wajibi ne a kan mai kiwo, domin malamai da suka halatta tsare tsuntsu a keji don sha'awa, suna kafa hujja da labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, su ne kuma suka gindaya sharaɗin ci da sha da rashin cutarwa, suna tunatarwa da hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare. Kyanwa ma tana da bakin kuka. Kifi ba shi da wata hanyar kai ƙara sai ya juya ciki sama.

Ɗalibin da ya karanta Ishmawi ko Risala ya san cewa ana yi wa ruwa hukunci da siffofi uku, launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, matuƙar babu wadda ta jirkita da najasa to ruwa yana nan a kan tsarkinsa. Wannan mizani ya wadatar a babin ɗahara, wanda dominsa aka kafa shi, amma wanda ya ɗauko shi ya auna ruwan kifi da shi zai yi hasara, saboda ruwan akwati yana iya zama garau, babu wari, babu ɗanɗano, alhali yana ɗauke da gubar da za ta kashe duk abin da ke cikinsa kafin wayewar gari. Gubar nan kuwa daga jikin kifin take fitowa. Duk abincin da ya ci, jikinsa yakan ɗebi abin da zai amfana da shi, ya fitar da saura a matsayin wani sinadari da ake kira amoniya, mafi yawansa ta waɗannan jajayen ganyayyaki da ke ƙarƙashin marfin kumatunsa, waɗanda da su yake numfashi. Ragowar abinci da kashi da matattun ganye su ma in sun ruɓe amoniya suke zama. A kogi wannan ba mas'ala ba ce, ruwa mai yawa ne kuma yana tafiya. A akwati mai lita arba'in babu inda za ta je, sai ta taru ta riƙa ƙona mashaƙar kifin da ya fitar da ita. Dafinta yana ƙaruwa da zafi, yana kuma ƙaruwa sosai in ruwan mai kanwa-kanwa ne, har masana suka ƙiyasta cewa hawa mataki ɗaya a ma'aunin da suke kira pH yana ninka kason amoniya mai cutarwa kusan sau goma.

Turawan da suka fara wannan kiwo a gilashi sun daɗe ba su gane wannan sirri ba, labarin yadda aka gane shi kuwa ya cancanci a tsaya a kansa. A 1850 wani masanin haɗa magunguna na Landan mai suna Robert Warington ya ba da bayanin gwajin da ya yi: ya sa ƙananan kifin zinariya biyu a tulun gilashi tare da wata ciyawar ruwa, da ya ga matattun ganye sun fara ɓata ruwan sai ya ƙara 'yan dodon koɗi su cinye su, ruwa ya koma garau, ya zauna haka ba a sauya shi ba. Daga nan ya fitar da ƙa'idar cewa tsiro yana ba kifi iskar shaƙa, kifi yana ba tsiro taki, kowa ya riƙe ɗan'uwansa. Maganar ta karɓu ƙwarai, ga shi a 1853 an buɗe gidan kifi na farko don jama'a a gidan namun daji na Landan, ga littafin Philip Henry Gosse ya fito a 1854 ya cusa wa Ingilishi son abin, har ya zamana kowane gida mai rufin asiri yana son nasa akwatin. Illar ita ce mutane suka fahimci cewa akwatin da ya daidaita ba ya bukatar sabon ruwa har abada, aka shekara wajen ɗari ana girmama tsohon ruwa, ana tsoron taɓa shi, kifaye kuwa suna ta mutuwa.

Rukunin da ya ɓace wa Warington ba a cikin kifi aka gano shi ba, a cikin ruwan kwata aka gano shi. A 1877 waɗansu Faransawa biyu, Schloesing da Müntz, suna nazarin yadda ƙasa ke tsarkake ƙazantar birnin Paris, suka cika wani dogon bututu da yashi da farar ƙasa, suka riƙa ɗiga ruwan kwata ta samansa. Kwana ashirin amoniya tana shiga tana fita yadda take, sa'an nan sai ta fara ɓacewa, wani sinadari mai sauƙin illa ya maye gurbinta. Suka ce da aikin yashi ne da tun ranar farko ya fara, jinkirin nan alama ce ta wani abu mai rai da ke bukatar lokacin hayayyafa. Suka busa maganin sa barci na kulorofom a cikin bututun, aiki ya tsaya cik, hujja ta tabbata. Wani abin sha'awa, cikin waɗanda suka ɗora a kan wannan bincike har da ɗan Warington na cikinsa, shi ma Robert, wanda ya nuna a tashar binciken noma ta Rothamsted cewa aikin hawa biyu ne, kafin Sergei Winogradsky, mutumin Rasha, ya ware ƙwayoyin halittar da ke yin sa a wajen 1890. Hawa na farko, waɗansu ƙwayoyi suna juya amoniya ta zama naitirayit, wadda ita ma guba ce, tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar iska, har jinin ya koma ruwan ƙasa, kifi ya shaƙe alhali ruwa cike yake da iska. Hawa na biyu, waɗansu daban suna juya naitirayit ta zama naitiret, wadda kifi ke jure wa muddin ba ta yi yawa ba.

Kwana ashirin ɗin nan na Faransawa su ne ke cinye kifin sabon shiga har yau. Ƙwayoyin nan ba su yawo a ruwa da yawa, manne suke a jikin soso da tsakuwa da gilashi, suna son iska, kuma hayayyafarsu a hankali take in an gwada da sauran ƙwayoyi. Sabon akwati yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su wadata a cikinsa. Wanda ya zuba kifi dozin a ranar farko ya tara masu fitar da guba babu mai kwashe ta, amoniya ta hau a mako na farko, naitirayit ta biyo ta a na biyu da na uku, abin da ya tsira daga wannan ya faɗa hannun waccan. Maganin abin ba shi da tsada, haƙuri kawai yake ci. A haɗa akwati, a kunna matata, watau na'urar da ke tace ruwan ta cikin soso, a bar shi babu kifi, a riƙa barbaɗa ɗan abincin kifi kullum ya ruɓe don ƙwayoyin su sami abin ci, a riƙa aunawa da ruwan gwajin da ake sayarwa a ƙananan kwalabe, har ranar da amoniya da naitirayit duka suka nuna sifiri, naitiret kuma ta bayyana. Wanda ke da aboki mai tsohon akwati lafiyayye, ya roƙi guntun soso daga matatarsa, ya kawo shi da jiƙonsa ya sa a tasa, kamar yadda mai nono ke rage tsohon kindirmo ta zuba a sabuwar madara. Wannan yakan rage jiran ƙwarai. Bayan haka ma ba a zuba kifi gaba ɗaya, sai uku ko huɗu, a dakata mako biyu, a ƙara. A ganina kwalaben gwajin nan sun fi duk wani ado da za a saya wa akwati fa'ida, kuma su ne abin da sabon shiga ya fi ƙyashin kashe wa kuɗi.

Kuskuren da ke bin wannan a girma daga alheri yake fitowa, shi ya sa ya fi wuyar hanawa. Mutum ya ga kifi yana rugowa gaban gilashi duk sa'ad da ya gifta, ya ɗauka yunwa ce, ya barbaɗa. Uwargida ta zo ta barbaɗa. Yara su dawo daga makaranta su jefa ɓarɓashin burodi da shinkafa. Baƙo ma a ba shi gwangwani ya gwada hannunsa. Kifi kuwa jininsa bin zafin ruwa yake yi, ba ya ƙona abinci don ɗumama jiki kamar akuya ko kaza, saboda haka bukatarsa kaɗan ce matuƙa, rugowar da yake yi ɗabi'a ce ta dabbar da ba ta da tabbacin gobe. Abin da zai cinye tas cikin minti biyu, sau ɗaya ko sau biyu a yini, ya isa, duk abin da ya nutse ya kwanta a tsakuwa israfi ne da zai dawo amoniya. Babban kifi lafiyayye yana iya yin mako guda bai ci ba babu abin da ya same shi. Don haka mai tafiya ƙauye hutun Salla ya fi masa alheri ya bar su da azumi a kan ya juye musu abincin mako a tashi ɗaya, ko ya bar gwangwani a hannun maƙwabci mai tausayi.

Haka kuma tsafta, wadda ba a taɓa zaton za ta zama laifi ba. Idan ruwa ya yi duhu, abin da hankali ke fara rayawa shi ne a kwashe kifi a sa a bokiti, a zubar da ruwa duka, a wanke tsakuwa da garin sabulu, a dirje gilashi, a wanke soson matata a bakin famfo har ya yi fari, a cika da sabon ruwa. Wanda ya yi haka ya hallaka a sa'a ɗaya abin da ya ɗauki mako shida yana ginuwa, ya mayar da akwatinsa sabo fil, ga ragowar sabulu da ke lalata mashaƙar kifi da santsin jikinsa. Ƙa'idar da masu abin suka zauna a kai ita ce a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako da tiyo, ana cusa bakinsa cikin tsakuwa don ya tsotso dattin da ya kwanta, a mayar da sabon ruwa mai zafi daidai da na ciki. Soso kuwa a matse shi a hankali cikin tsohon ruwan da aka zuƙo, ya rage nauyin datti kawai, launin ƙasan da ke jikinsa shi ne dukiyar. Da wannan sauyi ne ake rage naitiret, wadda aka fi so kada ta haura miligiram 40 a lita. Cika gurbin ruwan da ya ƙafe ba ya zama sauyi, gama ruwa ne zalla ke tashi, gishiri da datti suna nan suna ƙara kauri. Bokiti da tiyo da soson goge gilashi su zama na kifi kaɗai, a yi musu alama, kada su haɗu da na wanki.

Ruwan da za a zuba ma sai an san asalinsa. Na famfo, in daga hukumar ruwa yake, an sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, shi kuwa bai san bambanci tsakanin ƙwayar kwalara da ƙwayar matata ba, yana kuma ƙona mashaƙar kifi. In an tara shi a buɗaɗɗen mazubi kwana ɗaya ko biyu yakan fice, sai dai inda ake amfani da nau'in da ake kira kuloramin, wanda ba ya fita sai da maganin da ake ɗigawa. Na burtsatse ba shi da kulorin, amma yakan fito da ƙarancin iskar shaƙa, wani kuma da ƙarfe a narke, shi ma a bar shi ya kwana ana busa masa iska. Na rijiyar da ke kusa da salga yana iya zuwa da naitiret ɗinsa tun daga tushe. Na 'yan garuwa kuwa sai an tambayi inda aka ɗebo shi da abin da jarkar ta taɓa ɗauka.

Game da girman mazubi, zato ya saɓa wa haƙiƙa, domin sabon shiga yakan ce bari ya fara da ƙarami, in ya iya ya sayi babba, alhali ƙaramin ne ke bukatar gwani. Ɗan abinci da ya wuce kima, ko kifi ɗaya da ya mutu a ɓoye, a lita ɗari ba ya tayar da hankali nan take, a lita goma kuwa musiba ce. Haka zafi da sanyi, ruwa kaɗan yana bin iskar ɗaki sama da ƙasa, mai yawa yana tsayawa. Lita sittin zuwa ɗari shi ne mafarin da ya dace, a tuna kuma cewa lita ɗaya kilo ɗaya ce, akwati mai lita ɗari da tsakuwarsa ya haura kilo ɗari nesa, ba kowane teburi ke ɗaukarsa ba. Mafi munin mazubi shi ne ɗan ƙoƙon gilashin nan mai kama da tulu da ake sa kifin zinariya ɗaya a ciki, bakinsa ƙunci, iska ba ta samun filin shiga, babu matata, kifin kuwa na cikin mafiya yawan kashi, kuma irinsa na gama-gari yana kai santimita 25 zuwa 30. Hukumar birnin Roma ta hana amfani da shi tun 2005. Masu cewa kifi yana girma ne daidai da mazubinsa sun ga rabin gaskiya: yana tsumburewa, i, amma tsumburewar cuta ce, ba hikimar halitta ba ce.

Yawancin littattafan wannan fanni an rubuta su ne a ƙasashen sanyi masu tsayayyar wutar lantarki, damuwarsu yadda za a ɗumama ruwa. Mai kiwo a ƙasar Hausa tasa damuwar daban ce. Galibin kifayen ado na ƙasashen zafi sun fi jin daɗi tsakanin digiri 24 da 27, kifin zinariya ma ya fi son ƙasa da haka, ga shi a bazara zafin Sakkwato da Maiduguri yana haura 40. Ruwa kuwa da ma matalauci ne wajen iskar shaƙa, abin da lita ɗaya ta iska ke ɗauke da shi ya ninka na litar ruwa kusan sau talatin, kuma yana ƙara talaucewa da zafi: wajen miligiram 9 a lita a digiri 20, wajen 7.5 a digiri 30, daidai lokacin da jikin kifi ya ƙara sauri yana neman ƙari. In aka ɗauke wuta a irin wannan rana, famfon iska ya tsaya, matata ta tsaya, akwatin da aka cika da kifi ba ya kai la'asar lafiya. Akwai kuma wata illa a ɓoye, ƙwayoyin da ke cikin rufaffiyar matata suna shaƙewa in ruwa ya daina ratsa su sa'o'i masu yawa, sa'ad da wuta ta dawo sai ta amayo ruɓaɓɓen ruwa a kan kifi. Saboda haka matatar soso, wadda ke zaune a cikin akwatin ana tafiyar da ita da kumfar iska, ta fi dacewa da mu a kan masu tsada, musamman da yake akwai ƙananan famfunan iska masu aiki da batir ko da abin cajin waya. In babu ko ɗaya, a riƙa ɗiban ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama lokaci-lokaci, a kuma dakatar da abinci har wuta ta dawo. A ɗage murfi, a juya fanka ta riƙa shafar fuskar ruwa, a nisanta akwati daga taga, gama rana tana dafa shi tana kuma haifar da gansakuka. Ƙanƙara kuwa kada a jefa, faɗuwar zafi farat ɗaya ta fi zafin kansa illa. Mafi tabbacin kariya dai shi ne a rage yawan kifi ƙasa da abin da littafi ya ce.

Akwai wani makashi da ke cikin kowane gida, watau maganin sauro na feshi. Sinadaran da ke cikin galibinsa suna kashe kifi ko da ɗan mitsitsi ne ya sauka a ruwa, famfon iska kuwa zuƙo iskar ɗaki yake yi ya tura ta ciki. Kafin a fesa a kashe famfo, a lulluɓe akwati, kada a buɗe sai ɗaki ya sha iska; wanda ya shafa mai ko turare ya wanke hannu da ruwa zalla kafin ya tsoma.

Da hunturu al'amari yakan juye, dare a Kano ya sauka wajen digiri 13, rana ta yi ta hau, ƙaramin akwati yana bin su, a nan ne cutar farin ɗigo ta fi samun ƙofa, kifi ya wayi gari kamar an yayyafa masa gishiri, yana goga jikinsa a duwatsu. Mai haddasa ta wata ƙwayar halitta ce da wani Bafaranshe mai suna Fouquet ya siffanta a 1876, sanin rayuwarta kuwa shi ne rabin magani. Muddin tana cikin fatar kifi magani ba ya isa gare ta; in ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa, ta rufe kanta, ta rarrabu ɗaruruwa, 'ya'yan su fito suna iyo suna neman kifi, a wannan ɗan tsakani ne kaɗai ake iya kashe su. Wanda ya ga ɗigo ya ɓace ya daina magani ya daina ne daidai sa'ad da yaƙi ya fara, dole a ci gaba kwanaki bayan ɓacewarsa. Ɗaga zafin ruwa a hankali zuwa wajen digiri 30, tare da ƙara iska, yana gaggauta zagayen. Amma cutar ba daga sama take faɗowa ba, sabon kifi ne ke shigo da ita, don haka masu hankali suke ajiye wani ɗan akwati daban su killace duk baƙo mako biyu zuwa huɗu, kuma ba su juye ruwan leda a cikin nasu. Sukan ɗora ledar a kan ruwa kamar minti goma sha biyar zafi ya daidaita, su riƙa ƙara mata ruwan akwati kaɗan-kaɗan, sa'an nan su tsame kifin da 'yar koma. Abin da nake ƙi ƙwarai shi ne al'adar fasa kafso na mutane daga kemis a zuba a ruwa da zarar kifi ya yi sanyi: ba ya taɓa farin ɗigo, yana iya kashe ƙwayoyin matata, yana kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Ruwa ba ya tsami banza. Kifi in ya naɗe fikafikai ko ya ƙi abinci, a fara da gwajin ruwa da sauya sulusinsa, sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

Saura zaɓen kifi, inda ido ke yaudarar mai saye, domin duk abin da ke shago jariri ne. Kifin oska mai tsawon yatsa zai kai santimita 30 ya haɗiye maƙwabtansa. Mai shan gilashin nan da ake sayarwa da sunan zai share datti yana haura santimita 40, kashinsa ya fi abin da yake sharewa. Wanda ake kira shak mai sheƙi kifin kogin Mekong ne da ke wuce mita guda. Mazan beta na Tailan biyu ba su zama wuri ɗaya sai ɗaya ya illata ɗaya. Ƙananan tetra na Amazon 'yan garke ne, ƙasa da shida sukan rayu cikin firgici, kuma ruwansu na asali mai laushi ne mai tsami, akasin na kifayen tafkin Malawi masu son ruwa mai kanwa-kanwa, haɗa su zalunci ne ga ɗayansu. Gofi da fulati da moli sun fi haƙuri da kuskuren mai koyo, aibinsu ɗaya, haihuwa ba ƙaƙƙautawa.

Da yawa ba su san cewa Nijeriya tana cikin ƙasashen da ake fitar da kifin ado daga cikinsu ba, ta Legas ake ɗaukarsu a jirgin sama zuwa Turai da Amurka da Asiya: mai doguwar haɓa kamar hannun giwa wanda ke lalube da raunanan wutar jikinsa, da mai fikafikai kamar malam-buɗe-littafi, da mai kama da maciji wanda sunansa na ilimi ke ɗauke da sunan Kalaba, har da 'yan kurungu da minjirya da gaiwa, waɗanda Sarkawa ke gani kullum a koma ba su ɗauke su abin kallo ba. Akwai ma wani ɗan kifi mai ado da masani Ernst Ahl ya sa wa sunan kogin Kiyawa a 1928, mazaunin kududdufan damina, wanda ke binne ƙwansa a laka, ya mutu in ruwa ya ƙafe, ƙwan ya jira ruwan baɗi. Galibin waɗannan ba na sabon shiga ba ne, mai doguwar haɓar nan musamman, yana son yashi mai laushi da duhu da abinci mai rai, kuma ba ya jure magunguna. Amma kiribensis na yankin Neja Delta, mai jan ciki, yana da juriya, tsawonsa wajen santimita goma ne, uwa da uba kuma tare suke kiwon 'ya'yansu a gaban idon mai kallo.

Wanda kifinsa ya fi ƙarfin akwati, ko shi ya gaji da kiwon, ya mayar wa mai shago ko ya ba wani mai babban wuri, kada ya kai shi kogi ko dam da sunan 'yantawa. Baƙon kifi yana zuwa da cututtukan da na gida ba su saba da su ba, wani kuma ya hayayyafa ya ƙwace wuri. Kifin zaki na tekun Indiya da Fasifik, wanda aka fara gani a gaɓar Fulorida a 1985, ake kuma kyautata zaton daga akwatunan gida aka sake shi, yanzu ya mamaye tekun Karibiyan yana cinye ƙananan kifayen can. A kogin Vasse na yammacin Ostireliya kuwa masu bincike na jami'ar Murdoch sun kama kifin zinariya da ya kai kilo 1.9, yana tone laka, yana tuge ciyawa, yana cin ƙwan kifayen ƙasar.